Almara cikin zane: yaya ake sa ƙage ya kutso zahiri ba tare da mai karatu ya ɓata hanya ba?

Ɗalibar_Zane

Assalamu alaikum. Tambayata ga marubuta labarin zane ce, da masu zanen, da waɗanda suka san aikin ɗab'i.

Akwai irin littafin almara cikin zane da mai karatu zai kai tsakiya ya dakata yana tambayar kansa: wannan abin da gaske ya faru a labarin, ko a ƙwaƙwalwar jarumar kawai yake, ko kuwa ma a duniyarmu aka yi shi? Wasu na cusa takardun bogi, wasu na sa jarumi ya gane cewa zana shi aka yi, wasu na ɗauko mutumin tarihi su haɗa shi da aljanu.

Aikin da ke gabana shafi 120 ne, mai launi. Wata ma'aikaciyar ɗakin adana tsofaffin takardu ta tsinci taswirar birnin da babu shi, daga nan birnin ya fara ɓullowa a titunan da take bi kullum. Waɗanda suka duba zanen gwaji sun ce sun rikice, amma ba rikicewar da ake nema ba. Ba su san inda suke ba ne kawai, har suka gaji.

To ta ina ake farawa? Takardun bogi nawa ne suka isa, kuma yaya ake yin su har ido ya yarda? Sannan me ya kamata a sani kafin a kai wa masu ɗab'i?

Malam_Tawada

Wa alaikumus salam. Malama, daga bayaninki ciwon a fili yake: kin fara goge iyaka tun mai karatu bai ga an shata ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ai sai an gina bangon tukuna. In tun shafi na 5 duniyoyin sun cakuɗe, me kuma zai tsage?

Abubuwa huɗu ne a hannun mai zane da yake raba duniya da duniya: layin da ya kewaye akwatin hoto, launi, salon rubutun magana, da yadda aka jera akwatuna a shafi. Ki zaɓi biyu, kada su wuce. Guda ɗaya yana iya kuɓuce wa ido. Huɗu duka kuma sai duniyoyin su zama kamar littattafai biyu da aka ɗinke wuri ɗaya, ranar gaurayawa a rasa ta inda za a kama. Mu ce kin ɗauki layi da launi. Zahiri yana da baƙin layi madaidaici mai kauri ɗaya da launuka uku masu sanyi. Birnin taswira ba shi da layi ko kaɗan, launi ne ke tsayar da gefen hoto, kuma yana da launi guda nasa na kansa, kamar ruwan zuma, wanda ba ya taɓa fitowa a zahiri. Jerin akwatuna da rubutu su zama iri ɗaya a duka biyun.

Shafi 24 zuwa 30 na farko kada ki karya wannan doka ko sau ɗaya, kuma a cikinsu a shiga birnin a fito aƙalla sau uku. A shigar farko mamaki mai karatu yake yi, sai ta uku yake riƙe dokar ba tare da ya san ya riƙe ba. Dabarar tsohuwa ce. Winsor McCay ya fara Little Nemo a 1905, kuma akwatin ƙarshe na shafi kusan kullum yaron ne ya farka daga barci, shi ya sa duk haukan da aka yi a saman shafin bai ɓatar da kowa. Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda aka riƙa fitarwa kashi-kashi, fitowa 12 tsakanin 1986 da 1987, an gina shi a kan akwati tara a shafi. Da fitowa ta 12 ta buɗe da shafuka shida a jere, kowanne hoto ɗaya cike da shafi, nauyin abin daga ɗaurin da aka yi a baya ya fito.

Bayan nan sai yoyo, kuma shi ma da tsarinsa. Fara da ƙaramin abu: ruwan zuman nan ya bayyana a kan maɓallin rigar wani mai wucewa, a kusurwar akwati, kada kowa a labarin ya tanka. Bayan shafi 8 zuwa 12, layin wani akwatin zahiri ya yanke a gefe ɗaya kamar santimita 1. Bayan haka wani mutum dabam, ba jarumar ba, ya ga wani abu na birnin. Na ƙarshe shi ne juyi: hoton birnin ya zo da baƙin layi madaidaici, wato shi ne ya zama zahiri. Wannan sau ɗaya ake yin sa a littafi.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne yoyon da ba a yi niyya ba. Mai saka launi ya ga faɗuwar rana a shafi na 12, ya sa mata ruwan zuma don ya yi kyau. Shi ke nan, mai karatu ya ɗauka alama ce, ya bi ta, ta kai shi babu. Don haka a rubuta lambobin kowane launi a ba shi, a ce wannan haramun ne a shafukan zahiri sai inda rubutun labari ya ambata. Kuma ki mayar da shafukan gwaji baƙi da fari ki duba. In bambancin duniyoyin ya ɓace gaba ɗaya, to ya yi rauni. Kada ki dogara da ja da kore su zama masu rabawa, maza da yawa ba sa bambance su sosai.

Sai turke: abu ɗaya da ba ya canzawa ko ina aka je. A Sandman, Todd Klein yana rubuta maganar sarkin mafarki da farin rubutu a cikin baƙar kumfa, wato zagayen da ake rubuta magana a ciki. Ko da wace fuska ya zo, ko a wane ƙarni, mai karatu ya san shi ne. Ki ba jarumarki irin wannan, ko siffar kumfar maganarta, ko agogon hannunta. Wanda ke da turke yana jure shakka mai yawa.

Uwar_Taswira

Na yarda da Malam_Tawada. Bari in ɗauki ɓangaren takardun bogi, tunda jarumarki ma a cikin takardu take aiki.

Yawa dai: a shafi 120, takwas zuwa goma sha biyu sun isa, kuma a ajiye su a ƙarshen babi, ba tsakiyar fage ba. Watchmen haka ya yi, fitowa 11 cikin 12 sun ƙare da shafuka kaɗan na rubutu zalla, kamar yankin littafin tarihin rayuwar wani jarumi ko fayil ɗin 'yan sanda. Dalili shi ne ido yana cinye shafin zane cikin daƙiƙu, shafin rubutu kuwa yana cin mintuna. In kika dasa wasiƙa mai kalma 400 a tsakiyar gudun tsira, tsallake ta za a yi. Kuma ki ɗauka wasu za su tsallake ko ina kika sa su, saboda haka kada wani bayani da labari ba ya tsayuwa sai da shi ya kasance a takardar bogi kaɗai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne takardar ta zama duk magana ce a kan labarin. Takarda ta gaskiya ba ta san tana cikin labari ba. Yankin jarida na gaske yana zuwa da rabin talla a gefe, da ƙarshen wani labari da bai shafi kowa ba, da layin da almakashi ya datse. Kashi huɗu cikin biyar na abin da ke jikinta ya zama na yau da kullum mai gundura, sunan titin da babu shi ya shigo a layi ɗaya kamar ba komai ba.

Sai zamani. A nan masu ido ke kama mutum:

Rubutu. Times New Roman ya fito a 1932, Helvetica a 1957, Arial a 1982. Takardar da aka ce ta 1920 ce in ta zo da ɗaya daga cikinsu, ta tona kanta. Keken rubutu kuwa kowane harafi faɗinsa ɗaya, 10 ko 12 a inci. Rubutun kwamfuta mai kwaikwayon keke yana maimaita harafi iri ɗaya sak, har da tabon tawadarsa, duk "a" ɗin shafin tagwaye. Gara a samo keken gaske a buga, a ɗauki hoton takardar.

Alƙalami. Biro bai shiga hannun jama'a ba sai daga tsakiyar shekarun 1940. Kafin nan bakin ƙarfe ne da tawada, layi yana kauri yana sirancewa, ko fensir.

Rana. In kin rubuta Talata, 9 ga wata, ki duba kalandar shekarar. Abu ne na minti ɗaya, amma ana mantawa.

Tsufa. Kada a zuba tabon shayi da ƙonannen gefe. Takardar da ta kwana a ɗakin ajiya ninki take da shi, da tsatsar fil a kusurwa, da hatimi, da lambar fayil da fensir. Gefenta ya fi tsakiyarta yin rawaya. Iyakarta ke nan.

Hoton jarida ɗigo-ɗigo ne manya, layi 65 zuwa 85 a inci. In za ki kwaikwaya, ki yi ɗigon baƙi zalla babu toka-toka a gefensa, a girman da za a buga, kuma kada a ƙara ko a rage girman daga baya. In ba haka ba ɗigonki zai yi karo da ɗigon injin ɗab'i, wani zane mai kama da saƙar tabarma ya fito a fuskar hoton.

Game da hoton kyamara a cikin zane, littafin da ya kamata ki nazarta shi ne L'Enfant penchée na François Schuiten da Benoît Peeters, 1996. Duniyar almara zane ce, ɓangaren da ke duniyarmu kuma hotunan kyamara ne da Marie-Françoise Plissart ta ɗauka, har inda biyun suka haɗu. Abin lura shi ne duka baƙi da fari ne, shi ya sa suka zauna a littafi ɗaya. Hoton kyamara mai cikakken launi kusa da zane mai launi uku kamar faci yake fitowa. A rage launinsa zuwa na shafin, a daidaita duhunsa da baƙin tawadar zanen. Mutanen nan biyu ma ba su tsaya a takarda ba: Schuiten ne ya tsara adon tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Arts et Métiers a Paris a 1994, mai shiga cikinta kamar ya shiga shafin littafinsu ne.

Mai_Injin_Ɗabi

Hajiya Uwar_Taswira ta taɓo inda ya shafe mu. Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama, waɗannan abubuwan tun a zanen gwaji ake yanke su.

Ana buga littafi ne a manyan takardu da ake ninkewa, galibi shafi 16 kowace ninka. Shafi 120 ninka bakwai ne da rabi, wato bakwai na 16 da ɗaya na 8. Yana yiwuwa, amma ki tambayi farashin 128 ma, wani lokaci bambancin ba shi da yawa, ga shafi takas na takardun bogi sun samu wuri. Ki ƙirga daga takardar farko ta cikin littafi, har da shafin suna, ba daga inda labari ya fara ba.

Taswirarki in za ta ci shafi biyu, ki sa ta a tsakiyar ninka: 8 da 9, 24 da 25, 40 da 41, 56 da 57, haka nan. A nan ne shafukan biyu suke takarda ɗaya, titi ba zai karye a tsakiya ba. Amma sai in ɗinkin zare za a yi. In ɗaurin gam ne, ana aske bayan ninkar, kuma tsakiyar littafi na haɗiye milimita 5 zuwa 10 ta kowane gefe. Rubutu da fuska su nisanci tsakiya da milimita 15.

In kina son takardun bogi su zo a wata irin takarda dabam, marar sheƙi ko mai ruwan ƙasa, wurinsu tsakanin ninka da ninka ne, bayan shafi na 16, 32, 48. A wani wurin sai an manna da hannu ɗaya bayan ɗaya, kuɗi ya haura. Mafi sauƙi a buga launin tsohuwar takardar a kan takardar littafin.

Abin da kike so ya ba mai karatu mamaki, kullum ki sa shi a shafi mai lambar cika, 2, 4, 6, domin shi ne na hagu, wanda ba a gani sai an juya. In kika sa shi a dama, ido ya riga ya sace shi tun ana karanta hagu. Ƙara shafi ɗaya tak a farkon littafi yana juyar da duk wannan lissafi, saboda haka a ƙara biyu-biyu. Littattafan Japan da ake buɗewa daga dama, abin a juye yake.

Tunda shafukan birnin ba su da layi, wasu hotuna za su kai bakin takarda. A bar rarar milimita 3 ta kowane gefe don wuƙa. A fayil, launi ya zama ɗigo 300 a inci, baƙin layi da rubutu ɗigo 1200 in da hali, kada ya gaza 600.

Baƙi iri biyu ne. Akwai na tawada ɗaya, akwai wanda aka ƙara wa sauran launuka uku na injin a ƙarƙashi, misali kashi 60, 40, 40 cikin ɗari da baƙi kashi 100, jimla 240. A kwamfuta duk ɗaya suke, a takarda na farkon toka-toka yake fitowa kusa da na biyun. Farin rubutu siriri a cikin baƙi mai tawada huɗu hatsari ne: kowace tawada da farantinta a inji, in faranti ɗaya ya goce da ƙiris, gefen haruffa ya yi shuɗi ko ja. Baƙar kumfa ta zama ta tawada ɗaya, rubutun mai kauri, kada ya gaza girman 8. Jimlar tawada kada ta wuce 300 a takarda mai sheƙi. Marar sheƙi ta fi sha, a tsaya wajen 260, kuma launi zai yi duhu a kanta. Ruwan zuman da Malam ya ce, ki nemi a buga miki gwajinsa a ainihin takardar, kada ya koma ruwan ƙasa ya saje da sauran.

Huda shafi kuma, Marc-Antoine Mathieu ya yi a L'Origine, 1990: akwati ɗaya an yanke shi, ta ramin kana ganin hoton shafin da ke ƙasa, kuma maganar ta dace ta gaba da ta baya. Yana buƙatar wuƙa ta musamman da ƙarin zagaye a inji, sannan hoton ƙasa ya fi ramin girma da milimita 2 zuwa 3 ta ko'ina saboda gocewar ninki. Ki tuna kuma wanda zai karanta a waya ba zai ga rami ba, ba zai ji canjin takarda ba.

Ɗan_Gardama

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina ganin an yi wa rubutun labarin kansa rowa. Za a iya cika duk dokokin layi da launi, mai karatu ya san inda yake, amma bai damu ba.

Gwajin da nake ba da shawara: takarda mai layi biyu. Kowane abin al'ajabi a labarin ki rubuta shi, a dama bayanin da ke cewa birnin gaskiya ne, a hagu bayanin da ke cewa jarumar ce ba ta da lafiya, ko wani ke yaudarar ta. Duk wanda ya cika gefe ɗaya kawai ya kashe shakka, sai dai in da gangan kike so. Shi ya sa, Malam_Tawada, ban gamsu da matakinka na uku ba. Da zarar mutum na biyu ya ga birnin ƙarara, gefen hagu ya mutu tun a tsakiyar littafi. Gara ya ga wani abu da za a iya fassarawa biyu, ko ya zama mutumin da shi ma ba a gama yarda da shi ba. Joe the Barbarian na Grant Morrison da Sean Murphy, fitowa 8, ya riƙe wannan da sanadi ɗaya ƙwaƙƙwara: yaron yana da ciwon suga, sugansa ya faɗi, tafiyarsa daga ɗakin sama zuwa kicin ita ce tafiyar yaƙin duniyar almara. Kowane wuri a can yana da takwaransa a gidan.

Batun jarumi ya gane zana shi aka yi, ina ba ki shawara ki bar shi a wannan littafin. Tsadarsa ita ce da zarar an ce duk zane ne, tsoron da mai karatu ke yi wa jarumi ya ragu. A Animal Man, Morrison ya shuka abin tun fitowa ta 5, inda hannun mai zane ya bayyana da burushi. Sai a ta 19 jarumin ya juyo ya kalli mai karatu, sai a ta 26, a 1990, ya haɗu da marubucinsa, kuma ya zo ne da ƙorafi na gaske, an kashe masa iyali. Fitowa ashirin da ɗaya tsakanin shuka da girbi. Shafi 120 ba su da wannan fili, ga birnin taswira ma yana jiran nasa.

Wanda ya fi kusa da aikinki shi ne Sandman fitowa ta 50, 1993, zanen P. Craig Russell. Halifa Haruna Rashid ya miƙa Bagadaza ta al'ajabi ga sarkin mafarki don kada ta taɓa gushewa, sai shafukan ƙarshe suka nuna wani tsoho ne ke ba wani yaro labarin a Bagadaza da bama-bamai suka rusa. Shafuka kaɗan ne, sau ɗaya aka yi juyin, a ƙarshe.

In za ki sa mutanen gaske, matattu na tarihi, kada ki taɓa ranakunsu da aka sani, ki yi ƙagenki a gurbin da tarihi ya yi shiru. Rayayye kuwa kada a jingina masa laifi ko abin kunya, shari'ar ɓata suna ba ta duba cewa almara ce in ana gane mutumin. Tsofaffin hotuna da taswirori ma suna da masu haƙƙi, a ƙasashe da yawa sai shekara 70 bayan mutuwar mai aikin. From Hell na Moore da Eddie Campbell ya zo da dogon rataye a baya, shafi bayan shafi, yana faɗin abin da aka samo a majiya da abin da aka ƙaga game da kashe-kashen Landan na 1888. Rataye irin wannan bai rage daɗin littafin ba.

Malam_Tawada

Ɗan_Gardama, gyaranka ya karɓu, amma da sharaɗi. In babu wanda ya taɓa gani sai ita har shafi na 100, yawancin masu karatu za su yanke cewa taɓin hankali ne su daina shakka, gefen dama ne zai mutu. Sai dai mutum na biyun ya ga ɗan abu: ya tsinci tikitin mota mai sunan unguwar da babu ita a aljihun rigarta. Tana iya yiwuwa ita ta buga shi a wurin aiki, tunda ga keke ga tsofaffin takardu.

Ɗalibar_Zane

Allah ya saka da alheri, an buɗe min ido. Zan koma 128 da ɗinkin zare. Abu ɗaya ya rage: taswirar sau ɗaya za ta fito ko sau biyu?

Uwar_Taswira

Sau biyu, kuma a wuri iri ɗaya a shafi. Ta farko a 24 da 25, ta biyu a 104 da 105, duka tsakiyar ninka ne. A ta biyun ki canza abu uku kawai: titi ɗaya ya ƙaru, suna ɗaya ya sauya, sannan ginin da take aiki a ciki ya bayyana. Daga fayil ɗaya za a fitar da su biyun, kada a sake zanawa da hannu, in ba haka ba mai gwadawa zai ga bambanci hamsin ya rasa wanne ne na niyya. Ninkin takardar da tsatsar fil ɗin su zauna daidai inda suke a ta farko.